Ɗauka Ta Uku

Ranar Talata ce, ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe, cikin watan Rajab, a shekara ta biyu da dawo da shari'ar Musulunci a jiharmu. Mu biyar ne a ɗakin: ni mai shirya wasan, da Injiniya mai kula da na'ura, da wani tela da matarsa, da wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Ɗakin yana bayan wani tsohon kanti a cikin garin Daura. Mun rufe bangonsa da tabarmi da tsofaffin katifu biyu don kada murya ta riƙa dawowa, mun toshe tagar da bargo. Makirfo ɗaya gare mu, a tsakiyar ɗaki, a kan sandar ƙarfe.

Na yi shekaru ina aikin rediyo kafin in dawo gida. Da karanta labarai na fara, daga baya aka mai da ni sashen wasan kwaikwayo. Da na dawo Daura sai na tara 'yan mutane kaɗan, muna ɗaukar wasa na rabin awa a kaset, mu aika Katsina a mota, a sa ranar Lahadi da yamma. Injiniya ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a aikin ya tsufa. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, amma da na dama yana jin tafiyar ƙadangare a kan kwano.

Tsakanin hantsi da azahar muke ɗauka. Kafin hantsi ana daka a maƙwabta, da azahar kuma lasifikokin masallatai sun tashi, sai a dakata. Ba ma ɗauka ranar kasuwa. Ba ma ɗauka da janareto, domin ƙuginsa yana shiga ƙasan kowace murya. In an ɗauke wuta batir muke sawa. Takardun 'yan wasa ba a haɗe su da ƙarfe, kowane shafi daban yake, wanda aka gama sai a sake shi ya faɗi a kan tabarma, saboda makirfo yana jin juya takarda fiye da yadda yake jin kuka.

Abin da aka koya mini tun farko shi ne wasan rediyo a shafi ɗaya yake farawa. In ba ka iya faɗin labarinka a shafi ɗaya ba, ba ka gama saninsa ba. Sannan ka tuna wa kake yi wa: mace ce tana tankaɗe, ko tsoho a gindin bishiya da rediyo a kan cinya, ko direba a hanyar Dutsi. Babu mai ido a cikinsu. Saboda haka muryoyi kada su wuce uku a fitowa guda, kada kuma biyu su yi kama. Duk wanda ake wa magana a ambaci sunansa da wuri, kuma a maimaita a wurin da maganar ta yi nauyi, don mai sauraro ya san a kan wa ta faɗa. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ni da kaina nake nanata wa mutanena. Na ambace ta a nan ne saboda abin da ya biyo baya.

Akwai wata ƙa'idar da ni da Injiniya ba ma wasa da ita. Kafin kowace ɗauka nakan matso kusa da makirfo in faɗi lambar fitowa da lambar ɗauka, sannan in ja da baya in ɗaga hannu. Kuma ba ma goge komai, mai kyau ko marar kyau, sai wasan ya fita an ji shi.

A shekarun nan mutane sun sa ido a kan 'yan wasa. Wasan dandali ya ja baya, mata da yawa sun daina zuwa, waɗanda suka rage kuma mazansu na tambayar wa za su tsaya kusa da shi. Tambayar ba ta banza ba ce. Makirfo ɗaya ne, kuma masu magana biyu dole su tsaya gab da juna, tsakanin bakinsu da shi kamar taki ɗaya na hannu, har kafaɗa ta kusa taɓa kafaɗa. Na daɗe ina neman mafita, har na tuna da telan nan. Yana da murya mai kauri wadda ba ta rawa, ya taɓa yi mana sarkin noma da direban babbar mota. Matarsa tana koyar da mata karatun manya a unguwarsu, tana karanta Hausa ba gargada. Tagwaye ne 'ya'yansu na fari, don haka shi da dangi da maƙwabta duk Uwar Biyu suke kiranta. Na ce ga miji ga mata, su fito a miji da mata, babu mai abin cewa. Na yi alfahari da wannan dabara. Har na faɗa wa abokan aiki a Katsina su ma su gwada.

Labarin wasan gajere ne. Wani mai sayar da hatsi ya ga ɗakin ajiyarsa yana raguwa, makullin kuma yana hannun matarsa. Ya zarge ta. Ita kuwa mahaifiyarsa take kai wa a ɓoye, domin tsohuwar ta roƙe ta kada ɗanta ya san ta rasa abinci. Gwaggo ce tsohuwar. A fitowa ta tara mijin ya nemi makullin, matar ta ce: "Ba zan ba ka ba. Ka yi abin da za ka yi." Shi kuma ya kira sunanta, sunan da na laƙaba mata a takarda, ya ce: "Na sake ki." Sauran wasan nadama ne. Ni na rubuta layin da hannuna, na buga shi a tafireta, na karanta shi sau da yawa. Ban taɓa tsayawa na tuna bakin wa zai fito, da kunnen wa zai shiga ba.

Ba bisa jerin labari muke ɗauka ba. Mukan tara duk fitowar mutum a gama da shi ya tafi harkarsa. Mun riga mun ɗauki komai na Uwar Biyu, wannan fitowar kaɗai ta rage, na bar ta ƙarshe don ita ce mai nauyi.

Na matso na ce: "Fitowa ta tara, ɗauka ta ɗaya." Suka fara. Ta faɗi nata, ya kira sunan takarda ya faɗi nasa, daidai lokacin wani babur ya ratsa lungun da salansa a fashe. Injiniya ya cire abin kunnensa ya jefar a kan tebur.

"Allah ya shirye ka, kai da wanda ya sayar maka!" ya ce wa mai babur ɗin da ba ya jin sa.

Na ce: "A sake."

Ɗauka ta biyu ta fita tsaf, babu babur, babu tari, babu motsin takarda. Injiniya ya ɗaga mini babban yatsa. Amma ni ban gamsu ba. Tela ya faɗi layin kamar mai karanta sanarwar ɓatan akuya.

Injiniya ya ce mini: "Furodusa, wannan ta yi. Mu sallami bayin Allah, Gwaggo tun safe ba ta ci goro ba."

"Ka bar gorona," in ji Gwaggo. "Kai ne dai cikinka ke ƙugi, makirfo ma ya ji."

Na ce ba ta yi ba. Na ja Tela gefe na gaya masa abin da masu shirya wasa ke gaya wa 'yan wasa ko'ina. Na ce ya daina karantawa. Na ce ya ɗaga kai daga takarda ya dube ta. Na ce ya nemo wani abu da ya taɓa ɓata masa rai na gaske, ya riƙe shi a ƙirji, ya bar maganar ta fito daga can. Ya gyaɗa kai. Na lura ya haɗiye miyau, na ɗauka shiri ne.

Na ce: "A sake. Fitowa ta tara, ɗauka ta uku."

Ta ce: "Ba zan ba ka ba. Ka yi abin da za ka yi." Wannan karon ba ta dubi takarda ba ita ma.

Ya ɗaga kai ya dube ta. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba: "Uwar Biyu, na sake ki."

Dole in faɗi gaskiya a kan abin da na ji a lokacin. Murna na ji. Abin kunne yana kaina, kuma tun da nake aikin nan ban taɓa jin layi ya fito haka ba. Kuskuren sunan ma ban kama shi nan take ba, kunnena yana kan murya, ba kan kalma ba. Na ƙirga daƙiƙa biyar na shiru kamar yadda muka saba, na sauke hannu, na ce: "Alhamdu lillahi. Ta yi."

Takardar Uwar Biyu tana hannunta, ba ta sake ta ta faɗi a tabarma ba.

Gwaggo ce ta fara magana. Tana zaune a kan benci, ta miƙe ƙafafu.

"Ku yaran nan, akwai mai ƙirgawa a cikinku kuwa?"

Na ce: "Ƙirga me, Gwaggo?"

"Kai kana ta cewa a sake, shi kuma yana ta saki. Ɗaya, biyu, uku. Ni dai a kunnena uku na ji. Kuma na ƙarshen nan ba matar mai hatsi ya kira ba."

A rubuce, "sake" ta "a sake" da ta "na sake ki" ɗaya ne. A baki ne suke rabuwa, ɗaya ana jan ta, ɗaya ba a ja. Na yi shekaru ina gyara wa sababbin masu karanta labarai irin wannan bambanci, amma ban taɓa jin su a jere ba sai ranar nan a bakin Gwaggo.

Na yi dariya, wadda ni ma na ji ba ta zauna ba. Na ce ai wasa ne, kowa ya san wasa ne. Gwaggo ta ce ita tun tana yarinya take jin cewa wannan kalma ba ta san wasa ba. Tela ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya cire hularsa ya riƙe. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da uku ke nufi. Igiyar aure uku ce. In duk sun tsinke babu kome, sai ta auri wani, sun rabu don kansu, sannan a yi maganar. Ga tagwaye 'yan shekara huɗu, ga na goye da aka bari wurin maƙwabciya.

Injiniya ya sunkuyo kusa da ni ya rage murya, ya manta ɗakin an yi shi ne don kada ƙaramar magana ta ɓace.

"Furodusa, aikin minti ɗaya ne. In mai da kaset baya, in danna jan maɓalli ya goge. Mu yi amfani da ta biyu. Wa ya ji?"

Ban amsa da wuri ba, kuma wannan jinkirin yana cikin abin da nake tunawa. Uwar Biyu ce ta amsa masa.

"Baba Injiniya, kada ka taɓa shi. Ko ka goge a nan, wa zai goge mini a kunne? In koma gida in dafa masa tuwo ban san ko mijina ba ne?"

Ta ninke takardar biyu, ta sa a jakarta, ta gyara mayafi. Ta ce a kai maganar wurin wanda ya sani, yau, kuma a tafi da kaset ɗin yadda yake.

Bayan la'asar muka je wurin wani malami a cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu. Tsoho ne da mutane ke kai wa tambayar gado da aure tun kafin a fara maganar shari'a a rediyo. Na ɗauki rikoda, Injiniya ya sayi sabon batir. Mu maza muka zauna a zaure, Gwaggo da Uwar Biyu suka zauna daga ciki, bayan labulen ƙofa, inda za su ji a kuma ji su. Na gabatar da kaina, na faɗi aikinmu.

"Ashe ku ne," in ji Malam. "Ku ne ke sa a ƙona mini miya ranar Lahadi. To, me ya kawo masu wasa wurin wanda ba ya wasa?"

Na ba shi labari daga farko, ban rage nawa laifin ba. Fuskarsa ta sauya tun kafin in kai ƙarshe. Ya ce Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, saki yana cikin abubuwan da mai raha da mai gaske suke daidai. Mutum ba zai faɗa wa matarsa kalmar ba sannan ya ce zolaya yake yi. Da ya faɗi haka na ji numfashin Tela ya sauya a gefena.

Ya ce: "Amma a kunna mini in ji."

Injiniya ya kunna. Muryata ta fito: fitowa ta tara, ɗauka ta ɗaya.

Malam ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wannan wa ke magana, kuma me yake cewa?"

Na ce ni ne. Na bayyana masa cewa alama ce muke sawa don mu gane inda muke, kuma daga nan zuwa sauke hannuna duk abin da aka faɗa na takarda ne. Ya nemi takardar, na miƙa masa tawa. Ya nisanta ta da idonsa, ya bi layin da yatsa. Ya tambaya ko sunan da ke wurin sunan matar Tela ne, ko laƙabinta, ko an taɓa kiranta da shi. Muka ce a'a. Ya saurari ta ɗaya har da babur ɗin. Ya saurari ta biyu.

Ya ce waɗannan biyun babu komai a cikinsu. Mai raha da matarsa daban, mai ɗauko maganar wani daban. Ɗalibi yakan karanta misalin saki a littafi da ƙarfi, matarsa na zaune tana tsince shinkafa, aurensa bai motsa ba. A nan ga takarda, ga sunan wata wadda ba matarsa ba, ga muryar mai cewa an fara. Na ji Gwaggo ta yi hamdala a bayan labule.

"Saura ta ukun," in ji Malam.

Ya rufe ido aka kunna. Ya ce a mayar. Aka mayar. Ya ce a ƙara mayarwa. Zauren ya yi tsit, sai muryar Tela tana fitowa daga ƙaramar lasifika, alhali mai muryar yana zaune ya sunkuyar da kai.

Malam ya buɗe ido ya dube shi.

"Malam Tela, zan tambaye ka, kuma zan gaya maka nauyin amsarka kafin ka ba da ita, don kada ka ce na yi maka tarko. Harshe yakan zame. Mutum ya saba kiran suna safe da yamma, ya zo faɗin wani sai na gida ya riga shi fita. In haka ne, ka ce haka ne. Nan ba kotu ba ce, fatawa kuka zo nema, zan ba ka a kan maganarka, ya rage tsakaninka da Allah. In kuwa lokacin da ka faɗa da ita kake, to ɗaya ta tafi."

An buɗe masa ƙofa, kowa ya ga an buɗe. Ni a zuciyata roƙonsa nake ya bi ta. Ina so ya ce zamiya ce, a shafa fatiha, in koma in gama haɗa wasana, in daina jin nauyin abin da na gaya masa a gefen ɗaki.

Da Tela ya fara magana, ƙasa yake kallo.

"Allah ya gafarta Malam, da na fito daga gida ba ni da niyyar komai. Amma kwana goma ke nan muna magana ɗaya da ita. Mahaifiyata tana Dutsi ita kaɗai, ta ce a ba ta ɗaya daga cikin tagwayen ta riƙe. Na amsa mata. Uwar Biyu ta ce ba za a raba su ba. Jiya na ce gobe zan kai shi, ta ce ba za ta ba ni ba, in yi abin da zan yi. Yau na zo na tarar da maganar nan a takarda, ba ko harafi da ya sauya. Sau biyu na daure. Na ukun aka ce in dube ta."

Malam ya ce: "Ka dube ta. Wa ka gani?"

"Ita na gani, Malam. Da ita nake."

Ban san da maganar tagwayen ba. Layin na rubuta shi wata guda kafin nan, a kan makullin ɗakin hatsi. Amma sanin haka bai rage mini komai ba. Ni na tsayar da su gaba da gaba, ni na ƙi ɗauka ta biyu.

Malam ya ce saki ɗaya ya auku, mai kome. Tana cikin idda, a ɗakinta za ta zauna, ci da sha a kansa. Yana da ikon mayar da ita da kalma ɗaya muddin iddar ba ta cika ba, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Ya ce: "Ko yanzu, ga shaidu. Ka faɗa, ku tashi ku tafi gida."

Tela ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Sai muryarta ta fito daga bayan labule. Murya ce da na sani sarai a makirfo, ba ta rawa.

"Allah ya gafarta Malam, ina da roƙo."

"Faɗi, 'yata."

"A ce masa kada ya faɗa yau. Waccan ma an ce masa ya faɗa ne ya faɗa. In zai mayar da ni, kada ya zama don wani ya ɗaga masa hannu. Ya je ya yi shawara da kansa, ya je Dutsi ya yi magana da Inna. In ya dawo yana so, ya san inda ɗakina yake."

Malam ya juya wajen Tela. Ya ce haƙƙin na miji ne, ba zai hana shi ba, amma da shi ne da ya saurare ta. Tela ya rufe bakinsa. Aka yi addu'a. Da za mu fita Malam ya riƙe hannuna, ya ce: "Kai mai takarda, kalma ba ta zama taka don kai ka rubuta ta. Ka riƙa duba bakin da za ka sa ta." Bai ƙara ba, ni ma ban kare kaina ba.

Wasan yana jiran a aika shi ranar Juma'a. Ɗauka ta biyu tana nan lafiya, Malam da kansa ya ce babu komai a cikinta, Injiniya ya ce a yi amfani da ita. Na kasa. Garin nan ba babba ba ne, kowa ya san muryar Tela, kuma ba na so matar ta ji kalmar tana fitowa daga rediyon maƙwabta alhali tana ƙirga kwanakin idda.

Washegari da hantsi ni da Injiniya da Gwaggo muka koma ɗakin. Muka ɗauko layin Uwar Biyu daga ɗauka ta biyu, muka yanke daidai inda ta rufe baki. Bayansa na sa shiru na daƙiƙa huɗu. A rediyo daƙiƙa huɗu doguwa ce, mai sauraro har yakan taɓa akwatinsa ya ga ko batir ne. Sannan Injiniya ya saki makulli a kan daɓe. Gwaggo ta zo da kwanonin gidanta ta riƙa jera su ɗaya cikin ɗaya a babbar roba, a hankali, yadda mace ke haɗa kaya in ba ta so a ji. Daga nan ƙofar langa-langa, sai takun ƙafa a cikin farantin yashi yana nisa da makirfo. Na ƙara wa Gwaggo layi ɗaya a fitowa ta goma, inda take tambayar ɗanta: "Ina yarinyar nan? Me ka ce mata?" Shi kuma a abin da muka riga muka ɗauka bai amsa ba, don haka komai ya zauna.

Da muka saurara Injiniya ya ce: "Ka ga, da tun farko haka ka rubuta."

Na ce na gani.

Tun daga ranar na ƙara abu biyu a kan abin da nake koya wa masu son wannan aiki. In ka gama rubutu, ka karanta kowane layi sau biyu, sau ɗaya a bakin mutumin cikin labari, sau ɗaya a bakin wanda zai tsaya gaban makirfo, da wanda zai tsaya kusa da shi. Akwai kalmomin da faɗarsu ita ce aikata su, saki da rantsuwa da alwashi, waɗannan in ƙarar kwano za ta iya ɗaukar nauyinsu, ka bar wa kwano. Na biyun kuma, in ɗauka ta fita lafiya kuma kana son ka matsa wa ɗan wasa ya tono abin da ke ransa, ka fara sanin abin da ke ran nasa. Na aika wa abokan aikin da na ba shawarar haɗa miji da mata cewa su bari.

Wasan ya fita ranar Lahadi. Waɗanda suka tare ni a kan hanya duk sun ce sun ji lokacin da mai hatsi ya saki matarsa, har wani ya maimaita mini kalmomin da ya ce ya ji.

Tela ya je Dutsi ya kwana biyu. Ya mayar da ita a rana ta goma sha ɗaya, babu kowa daga cikinmu a wurin, a bakin Gwaggo na ji. Ba a raba tagwayen ba, mahaifiyar tasa ce aka ɗauko ta dawo Daura. Shi ya ci gaba da yi mana wasa, amma bai ƙara fitowa a mai mata ba. Ita ba ta ƙara tsayawa gaban makirfo ba. Bayan wasan ya fita ta aiko a ba ta kaset ɗin da ke da ɗauka ta uku, na aika mata ba tare da na kwafa ba. Igiya biyu ta rage musu, kuma a kanta suke zaune har yau.